Shekaru Uku na Aro

Lauyar ta juya takardar haihuwar gaba da baya, ta ajiye ta a kan keken ɗinki, ta ce, "Mama, takardar nan ba ta tare da mu. Ta ce shekarunsa sha tara."

"Sha shida ne," in ji maɗinkiyar. "Ni na haife shi, ba takarda ba."

Kwana tara ke nan Autanta yana tsare. Wani kamfanin bulo ne ya ɗauke shi direba, ya sa hannu a takardar aiki kamar wani magidanci. Ranar Talata da hantsi ya yi baya da babbar mota, ya take tsohon mai gadi. Bawan Allah ko shurawa bai yi ba. Lauyar ta yi mata bayani dalla-dalla: in sha tara ne, kotun manya da kurkukun manya. In sha shida ne, kotun yara, gidan gyaran hali, sa hannun da ya yi kuma ba zai ɗaure shi ba, sai ma a tambayi kamfanin dalilin miƙa wa yaro makullin mota.

Maɗinkiyar ta daɗe tana murza zare a yatsa kafin ta buɗe baki. "Takardar yayansa ce."

Yayan ya rasu yana ɗan shekara shida, zazzaɓin kwana biyu. Shi Auta a gida aka haife shi, ba wanda ya yi masa rajista. Da makaranta ta nemi takarda, sai marigayi babansu, mutumin da bai taɓa son bin layi ba a rayuwarsa, ya ce, "Ga wata a akwati tana zaman banza." Shi ke nan fa. Yaro mai girman jiki, wa zai tambaya? Makaranta, katin shaida, lasin tuƙi, duk da sunan yayan. Ita dai ba ta taɓa kiransa da shi ba. Auta take cewa, ta kau da kai.

"To sai kin je kin kashe wancan a ofis," in ji lauyar. Ta ga yadda fuskar matar ta canza, ta ce, "Yi haƙuri, Mama, bakina ne ba linzami."

Washegari maɗinkiyar ta je ganin Auta. Ya rame, amma hankalinsa kwance, kwanciyar da ba ta yi mata daɗi ba.

"Umma, kar ki damu, ba ni kaɗai ba ne."

"Ku nawa ne a ɗakin?"

"Ni ɗaya suka sa. Amma in suka kira sunan nan, kafin in buɗe baki sai in ji an amsa a gefena. Tun ina aji ɗaya haka yake yi. Shi ke fara cewa na'am."

Ta ce masa yunwa ce, ya ci abinci ya daina surutun banza.

Ofishin rajista ɗaki ne mai tsawo, fanka ɗaya tana juyi kamar an tilasta mata. Akawun ya danna sunan, ya juyo mata da fuskar kwamfuta. "Wannan ne kike cewa ya mutu? Haba Mama! Ga shi nan har da gashin baki."

Hotuna huɗu ne a jere, daga na makaranta zuwa na lasin. Ta matso da kujera. Fuskar Auta ce, ba shakka. Sai dai a saman girar hagu akwai ɗan tabo, siriri, a duka huɗun. Ta san tabon nan. Ita ta wanke jininsa ranar da yayan ya faɗa kan ƙarfen kekenta yana koyon tafiya. Auta kuwa goshinsa sumul yake.

"Datti ne a gilashin," in ji akawun, ya goge da hannun riga. Tabon yana nan.

Shekara goma sha uku ɗanta da ta binne yana girma a cikin wannan akwatin na kwamfuta, ya gama makaranta, ya koyi mota, ita ba ta taɓa zuwa ta gan shi ba. Wallahi a ranta ta so ta tashi ta tafi, ta bar shi da ransa. Sai ta hango Auta a kurkukun manya, ɗaki guda da ƙartin da suka isa haihuwarsa.

Ta kawo shaidu biyu, mai haƙa kabari da tsohuwar ungozoma. Ta dangwala yatsa. Akawun ya danna wani abu, hotunan suka ɓace. Sannan ya buɗe sabon shafi, ya ce, "Sunan wanda za mu haifa yau?" Ta faɗi sunan Auta na gaskiya, ta ji shi baƙo a bakinta.

Bayan wata guda aka zauna a kotun yara, ƙaramin ɗaki, ba 'yan kallo. Magatakarda ya kira sunan Auta na gaskiya. Shiru. Ya sake kira. Auta yana zaune a benci, ya karkata kai gefe, yana jira wani ya riga shi.

"Yaron bai zo ba ne?" in ji alƙali.

Ta miƙa hannu ta taɓa gwiwarsa. "Auta, kai ake kira."

Ya miƙe a hankali, yana laluben bencin da ke gefensa. Ya dube ta da idon ɗan shekara uku, ya ce, "Umma, ina kika kai Yaya?"

Nan ta fashe da kukan da ta ajiye a akwati shekara goma sha uku. Alƙalin ya ajiye biro, ya jira.