Inabin Yaya

Shekara talatin Malama ta yi tana koyar da ilimin halittu kafin ta yi ritaya ta rungumi lambunta na bayan gida. Ba ta fesa magani. Ma'aikatanta su ne jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya, waɗanda ba su kai ƙwayar wake ba, masu cinye ƙwarin darɓa da ke tsotse mata kabeji. Shekara uku tana lallaɓa su, ta bar musu ciyawa a gindin katanga, ta jibge busasshen ganye inda za su ɓuya.

Bayan katangar kuwa gidan yayan marigayi mijinta ne, mai rumfar inabi da yake ji da ita kamar 'yar fari. Sau biyu ta roƙe shi kada ya yi feshi ranar iska. Ya ce ƙwaro ai ƙwaro ne. Wata safiya ta tarar da jajayen ƙwarinta zube a ƙasa, ƙafafu sama. Ta tsinto cikin tafin hannu ta kai masa, ya tuntsire da dariya, ya tambaye ta yaushe za a fara karɓar gaisuwa.

Ta koma gida ta fara shirin ramuwa. Ta san halin shaya, tsuntsun nan baƙi mai sheƙi: a kogon itace yake sheƙa, ba ya yawo shi kaɗai, kuma ba ya ganin nunannen ɗan itace ya wuce. Ta sa kafinta ya haɗa mata akwatuna shida masu ƙaramar ƙofa, ta rataye su a ɓangarenta, ta ajiye faranti cike da ruwa. Biyu suka fara zuwa. Kafin inabi ya nuna, garke guda ne ke sauka da hantsi.

Yaya ya buga gwangwani, ya kafa mutum-mutumi, a banza. Da ya gaji, ya ɗauko malamin gona ya kawo ƙararta.

Ta ba su kujeru, ta yi musu darasi a tsanake. Ta ce wancan da aka kashe mata ƙwaro ne, ƙafa shida, ba shi da ƙashin baya, duniyarsa ba ta wuce ganye da ciyawa ba, feshi ɗaya ya ishe shi. Wannan kuwa tsuntsu ne, gari da daji duk nasa ne.

“Yaya, mai rauni na kare, ka kashe. Yanzu mai ƙarfi nake karewa.”

Malamin gona ya danne dariya, ya ce bai ga laifi a ba tsuntsu ruwa ba, ya kuma ja wa Yaya kunne kada ya kuskura ya sa guba.

A shekarar ko kwando ɗaya na inabi Yaya bai tsinka ba. Kabejin Malama ma ya lalace, amma kullum da hantsi sai ta fito da kujera ta zauna kallo. Daga baya Yaya ya turo matarsa roƙo. Malama ta ce za ta sauke akwatunan da zarar 'ya'yan tsuntsayen da ke ciki sun tashi. Ba ta gaya mata cewa iyayen sun riga sun sake yin ƙwai ba.