Talatin ga Afrilu

Greetje na goge teburin karin kumallo ta ji takunsu a matakala. Da ta ɗaga kai, saura kaɗan tsumman ya faɗi daga hannunta. Baƙin da suka sauka a masaukinta jiya ne, tsoho Harm da matarsa Lies, sun sha ado ruwan lemo, kalar bikin ranar Sarauniya, tun daga hula har safa.

Kowace shekara sai an samu irinsu a Amsterdam. Tun da sarauniya ta sauka ɗanta ya hau, aka mai da bikin ashirin da bakwai ga Afrilu, amma har yau sai ka ga baƙi sun fito ran talatin suna neman taron da ya watse tuni. 'Yan gari kuwa, da ba su raina abin dariya, har hoto suke ɗaukarsu. Sai dai waɗannan biyun 'yan gari ne, ƙaura suka yi zuwa New Zealand tun gashinsu na baƙi.

"Baba Harm," in ji Greetje, "biki fa an yi shi."

"Haba 'yata! Ni za ki gaya wa ranar Sarauniya? A unguwar nan aka yanke min cibiya."

"An canja, Baba. Yanzu sarki ne."

Ya leƙa taga. Titi an share shi tas, mutane na ta wucewa aiki a kan kekunansu. Sai ya ja Greetje gefe, ya rage murya. Tun bara Lies ta daina gane shi. Lokacin da yake nemanta, a bakin gadar can take shimfiɗa bargo ranar biki, ta baza tsofaffin kayanta don sayarwa kamar yadda kowa yake yi, shi kuma ya zo ya yi ta taya abin da ba ya bukata. Likita ya ce daga wannan tafiyar ba ta da wata.

"Na ce ko in ta ga taron, ta ji kiɗan, za ta kira sunana ko sau ɗaya ne."

Tausayi ya kama Greetje. Ina za ta samo masa gari guda cike da mutane? Ta dai fita ta buga wa maƙwabcinta Joop ƙofa, mai gyaran keke, wanda yake da wani tsohon ƙaho.

"Ke Greetje, giyar bikin ce ba ta sake ki ba?" in ji shi. "Yau ranar aiki ce."

"Ɗauko ƙahon nan naka, mai bakin tsiya. Shekara nawa kana hana mu barci da shi a banza?"

Suka shimfiɗa bargo a bakin gadar. Greetje ta kwaso kofunan shayi, da fitilar da ta mutu, da takalman mijinta marigayi. Joop ya busa, ƙahon ya yi kuka kamar akuya ta ga wuƙa. Masu keke suna kaɗa ƙararrawa suna kauce musu. Wata mata ta waiwayo tana dariya, ta ce, "Kun makara, sai baɗi!" Ko mutum ɗaya bai tsaya ba. Greetje ta dubi ɗan bargon nan a tsakiyar titi, ita kanta ta san wannan ba biki ba ne.

Amma Lies ta zauna. Ta jawo kofunan ta shiga jera su, manya a baya, ƙanana a gaba, tana juya hannayensu ɓangare guda. Ta gyara hularta. Fuskarta ta washe. Greetje ta kama hannun rigar Joop, ya sauke ƙahon.

Harm ya tako a hankali ya tsaya a gabanta. Ya ɗauki kofi ɗaya.

"Nawa za ki bar min wannan, 'yammata?"

Lies ta ɗaga kai ta dube shi sosai, daga sama har ƙasa. Ta karɓe kofin cikin ladabi ta mai da shi wurinsa.

"Bawan Allah, ɗan matsa gefe mana. Ka tare ni, kada Harm ya zo wucewa bai gan ni ba."

Tsohon ya ce to, ya matsa gefe.