Katunan da Inna Ta Tsince

Shekara uku ina bin makarantun firamare a kan babur, daga Funtua zuwa Tsiga zuwa Malumfashi, ina tambayar malamai yadda suke koyar da lissafi. Malami ɗari huɗu! Wani ya kore ni, wani ya sa na jira shi ya dawo daga gona. Duk amsar da suka ba ni na huda ta a jikin kati da hannuna, don a 1982 kwamfutar jami'armu huji kawai take karantawa. Kowane huji amsar mutum ɗaya ce.

Da damina rufin ofishina ya yi yoyo, takardun tambayoyin suka zama kunu. Katunan kaɗai suka tsira. Saboda tsabar tsoro na kwashe su a kwali, har da ragowar sababbin da ban huda ba, na kai wa mahaifiyata ajiya a garinmu Ƙarfi. Ni da wayona!

Sai shugaban sashenmu, Dakta Lateef, ya kira ni.

"Malam Maitama, na samo maka awa biyu a kan kwamfuta ranar Litinin. In ba sakamako a watan nan, ba za a tabbatar da kai a aiki ba. Na gaji da roƙa maka."

Asabar na isa Ƙarfi. Inna tana tsakar gida tana tsintar wake a faifai. Ko ruwa ban sha ba na ce ina kwalina.

"Kai dai ka gode Allah da ka bar shi wurina," in ji ta, tana murmushi.

Da na ɗaga kwalin na ji ba nauyi. Na buɗe, yaji ya bugi hancina. Katuna ne 'yan kaɗan, farare tas, babu huji ko ɗaya.

"Inna, ina sauran?"

"Ai ƙwari sun gama da su, ɗan nan. Na buɗe in shanya maka, na tarar duk sun huda su kamar waken bara. Kwana huɗu na yi ina ɗaga su a rana ɗaya bayan ɗaya, da idon nan nawa da ba ya gani sosai. Masu kyau na ware maka."

"Masu hujin fa?"

"Na ƙone su mana, kada su shafa wa sauran."

Innalillahi! Na ruga bayan ɗaki inda take zubar da toka, na durƙusa ina tonawa da hannu, ni malamin jami'a guda. Kusurwar kati ɗaya na samu, da huji biyu a jiki. Ban ma san amsar wane ne ba.

Wallahi na so in yi ihu har a ji ni a Malumfashi. Wa zan yi wa? Ni ne ban taɓa zama na gaya mata aikin da nake yi ba. Kullum ta tambaya sai in ce, "Ba za ki gane ba, Inna."

Na dawo na same ta tsaye riƙe da kwalin, tana jiran godiya.

"Sannu da aiki, Inna," na ce.

"Yawwa. Na zuba musu toka da barkono," ta ce, ta miƙo mini. "Kwantar da hankalinka, ba abin da zai ƙara huda su."