Waɗanda Suka Juya a Gindin Gada

Gadar ƙafa ce ta ƙarfe, siririya, an ɗora ta a kan babban titin da ya raba unguwa da kasuwa. Da aka gama ta, sai aka ja shingen waya a tsakiyar titin, kada kowa ya sake tsallakawa ta ƙasa. Aibinta ɗaya: in mutane suka cika ta, sai ta riƙa ɗan lilo, kamar mai gyangyaɗi a tsaye.

Injiniya aka tura ta duba. Mace ce mai tsantseni, ko gishiri ba ta zubawa da ka. Ta manna na'urori a ƙarƙashin gadar, mako biyu tana auna girgizar. Ta kuma tsaya a bakin matakala tana tare masu saukowa, tana tambayarsu yadda suka ji a sama. Mutum ɗari huɗu ta tambaya. Lissafi ya nuna in an ɗebo mutum ɗari, da wuya waɗanda girgizar za ta dama su wuce bakwai. Ƙa'ida ta yarda har goma. Ta sa hannu.

Mahaifinta tela ne, shagonsa na tsallaken titi. Shekara talatin da shida yana buɗe shi kullum, can abokan hirarsa suke, can duniyarsa take.

Wata safiya Inna ta kira ta a waya. "Zo ki ga babanki."

Ta same shi a bakin gado, gwiwoyin wandonsa duk tsatsa.

"Ba faɗuwa na yi ba, Uwata," in ji shi. "Ƙasa ce ta gudu daga ƙarƙashina. Da rarrafe na sauko, da furfurata, yara na kauce mini."

"Baba, gadar nan ba za ta faɗi ba. Ni na auna ta."

"Na yarda, kanki na ja. Cikina ne bai yi boko ba."

Ya yi dariya, ita ta kasa. A tsakar gida Inna ta rage murya ta ce, "Yau ne fa ya daure ya hau. Sati uku ke nan yana fita da hularsa, ya je gindin gada ya juyo, ya zauna a inuwa sai azahar. Kuma ba shi kaɗai ba ne."

Injiniya ta tuna da lissafinta. Duk mutum ɗari huɗun nan, a bakin saukowa ta tare su. Waɗanda suka iya hayewa ta tambaya.

Washegari ta tsaya a wajen hawa da littafinta. Ta ga wata mai tsohon ciki ta taka matakala uku, ta dafa ƙarfe, ta ji yana motsi, ta sauko. Ta ga makaho ya ɗora sandarsa ya janye. Ta ga wata tsohuwa ta miƙa wa baƙo takardar maganinta tana roƙo ya sayo mata. Kwana biyar tana ƙirga. Da ta haɗa su da na farko, bakwai ta koma goma sha tara.

Ta rubuta sabon rahoto, ta nemi a saka wa gadar na'urar da ke shanye girgiza. Shugaban ofis ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Aiki ya yi kyau. Amma ƙa'ida masu tafiya a kan gada ta ce a ƙirga. Wanda bai hau ba, ta yaya girgiza ta dame shi?"

"Ranka ya daɗe, girgizar ce ta hana shi hawa."

"Wannan sa hannun na waye?" Ya turo mata rahoton farko. "In na kai wannan sama, ke za a fara tambaya, ni na biyu. Bakin alƙalami ya bushe."

Ta sake rubutawa sau biyu. Na ukun ko buɗe shi ba a yi ba, sai takarda ta zo an mayar da ita sashen magudanan ruwa.

Aka ɗauko keken ɗinkin Baba a mota, aka zagayo da shi ta nesa, aka ajiye a ɗaki. Masu kawo ɗinki ba su biyo shi ba. Abokai sun zo sau biyu, daga nan sai saƙon gaisuwa. Ya rame, magana ta ragu, ƙafafunsa suka fara kumburi don zama.

Ranar hutu ta je gaishe shi, ta tarar yana ta fama da allura, zaren na kaucewa. Ta karɓa ta zura masa. Ya riƙe allurar, ya duba ɗakin, babu ko ƙyalle ɗaya da ke jiransa.

"Bar shi, Uwata," ya ce. "Rufe keken, ƙura na shiga."

Ta jawo mayafin ta rufe.