Matar da Ba Ta Shan Ruwa a Hanya

A ofis Mai Kwalabe ake ce mata, har sunan ya bi ta gida, 'ya'yanta ma idan suna son tsokanarta da shi suke kiranta. Aikinta gwajin ruwa ne. Shekara tara ke nan tana bin garuruwa da akwatin sanyi mai cin kwalba ashirin da huɗu, tana ɗibar ruwa a madatsu da tankunan makarantun kwana da famfunan asibitoci. Kowace kwalba sai ta liƙa mata takarda mai ɗauke da wuri da lokaci, ta jera su a tsakanin ƙanƙara. Ruwan da aka ɗiba ba ya jira. Idan awannin da aka ƙayyade masa suka wuce bai isa ɗakin gwaji mafi kusa ba, aikin ranar ya tashi a banza. Shi ya sa kullum idonta na kan agogo.

Mako biyu a hanya, mako ɗaya a gida. Ɗakunan masauki sun yi mata yawa har sun narke sun zama ɗaki ɗaya: farin zanen gado mai warin sabulu, labule mai kauri, fanka mai jan ƙafa. Da safe takan buɗe ido ta daɗe tana kallon silin kafin ta tuna garin da ta kwana.

Akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko maigidanta. Ranar tafiya ba ta shan ruwa. Tun a shekararta ta farko, ranar da ta shiga wani banɗaki a tashar mota ta fito tana toshe hanci, ta kafa wa kanta wannan doka. Kurɓi ɗaya da sassafe, shi ke nan sai an sauka da yamma. Idan maƙogwaro ya bushe ta jefa alewa a baki, idan kai ya fara sarawa ta haɗiyi ƙwayar magani da yawu. Jikinta ya saba, ko kuma ita ce ta saba da ƙin sauraronsa.

Direbanta na baya mai zafin ƙafa ne, sun dace da juna. Da aka canza masa wurin aiki sai aka haɗa ta da Baba Direba, wani dattijo mai furfura a gemu, saura shekara biyu ya ajiye aiki. Shi kam duk bayan awa biyu sai ya kunna sigina ya gangara gefe, ya ce bari ya duba taya. Ya fita ya zagaya motar a hankali, ya daddaki kowace taya da ƙafa, ya miƙa hannuwa sama, ya dafe ƙugu ya lanƙwasa baya har ta ji ƙashinsa na ƙara. Sannan ya tsiyaya ruwan ɗumi daga fulas ɗinsa ya sha, ya miƙo mata nata kofin. Kullum ta ce ta gode, tana zaune a mota tana ƙirga mintuna. Da ta yi wa maigidanta ƙorafi a waya cewa an haɗa ta da wanda zai sa ta tsufa a hanya, dariya ya yi, ya ce shi dai tunda tsufan za ta yi, bai damu da inda za ta yi shi ba.

A rana ta huɗu da fara tafiyarsu tare suka isa wata babbar matatar ruwa a bayan gari. Tun safe take jin wani nauyi a kwiɓinta na dama, kamar an ɗora mata dutse mai ɗumi, amma ta share. Mai kula da matatar ya shige gaba, tana biye da shi a kan siririyar gadar ƙarfe da ta ratsa saman manyan kwatamin ruwa. Rana ta take tsaka. Ruwan a kwance yake, kore-kore, haske na wasa a kansa kamar an watsa ƙananan madubai. Ta durƙusa ta cika kwalba ta farko, ta cika ta biyu. Da ta ɗago don ta rubuta lokaci sai ta ga allurar agogonta na iyo, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Muryar mutumin ta yi nisa, kamar daga ƙarƙashin ruwa yake magana. Sanyi ya kama ta a tsakiyar zafin nan. Ta ji gadar ta kwance daga maɗaurinta tana tafiya da ita a hankali, abin ma har ya so ya yi mata daɗi. Ta zauna, ta rufe kwalbar da kyau, ta jingina kai da ƙarfe.

A asibiti ta dawo hayyacinta sosai, da ƙarin ruwa a hannu. Likitar mace ce, mai maganar da ba ta kwana. Ta ce ciwon mafitsara ne aka bari har ya haura ƙoda, kuma da alama ba yau ya fara ba. Ta tambaye ta kofi nawa na ruwa take sha a rana. Mai Kwalabe ta faɗi gaskiya, karo na farko. Likitar ta cire tabarau ta dube ta, ta tambayi aikinta, da ta ji sai ta girgiza kai kawai. Bayan kwana ɗaya ta sallame ta da magunguna, ta ce kwana uku kada ta kuskura ta hau mota.

Baba Direba ne ya samo masaukin. Ƙaramin gida ne mai ɗaki shida a wani lungu, da tsakar gida da bishiyar lemun tsami a tsakiya. Mai gidan tsohuwa ce doguwa, kowa Gwaggo yake ce mata. Shekara talatin ta yi tana aiki a jirgin ƙasa, tana raba wa fasinjoji shayi da barguna, kafin gwiwa ta ce ya isa. Kallo ɗaya ta yi wa baƙuwar ta ce ta san irinta, ta ga ɗaruruwansu a tarago, masu jaka mai taya da busasshen leɓe.

Ba ta nemi izini ba ta karɓe wayar aikin baƙuwar ta sa a aljihun rigarta. Ta zuge labulen mai kauri, ta buɗe taga, ƙamshin ganyen lemo ya shigo. Ta ajiye tulun ruwa da kofi a gefen gado, ta ce kafin inuwar bishiya ta kai bakin ƙofa tana so ta ga ƙasan tulun. Ta kawo romo mara yaji da yankakkiyar kankana. Da la'asar ta kawo baho da ruwan ɗumi da gishiri ta sa ta tsoma ƙafafu, bayan nan ta sa ta kwanta a ƙasa ta ɗaga su ta jingina da bango. Haka su ma'aikatan jirgi suke yi, in ji ta, idan sun wuni a tsaye ƙafa ta kumbura.

"Ja numfashi har cikinki ya taso, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Ke a wuya kike numfashi kamar wadda aka biyo."

A rana ta biyu a gidan zazzaɓi ya ɗan taso mata da hantsi, barci ya riƙa ɗaukarta yana sauke ta. Ta ga kanta a wani dogon baranda, ƙofofi a jere hagu da dama, kowace ƙofa ɗakin da ta taɓa kwana ne a wani gari. Ta gane su ɗaya bayan ɗaya: mai fashasshen madubi, mai hoton jirgin ruwa a bango, wanda tagarsa ke kallon gidan burodi. A kowane ɗaki an bar famfo a buɗe, ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofa, mai sanyi, yana shafar idon sawunta. Ba ta ji tsoro ba. Tana tafiya ruwan na ƙaruwa, kwalabenta suka fito daga akwati suna binta a baya a jere kamar 'ya'yan agwagwa, suna ƙaramar ƙara idan sun gogi juna. A ƙarshen barandar mahaifiyarta ce zaune, wadda ta rasu shekara shida da suka wuce, tana wanke kofuna a cikin kwano, ba ta ko ɗago ba ta miƙo mata guda ɗaya. Da ta farka, ƙarar cokali ce a kicin ɗin Gwaggo, zanen gado ya jiƙe da gumi, kanta kuma ya yi sakayau kamar an share ɗaki.

Abin da ya fara faɗo mata shi ne kwalaben matatar. Gwaggo ta ce ta kwantar da hankalinta, dattijon nan tun ranar da ta faɗi ya kai akwatin ɗakin gwaji da kansa, har da takardar shaidar karɓa ya dawo da ita.

Da yamma ya zo gaishe ta. Ya ƙi shiga ɗaki, suka zauna a ƙarƙashin bishiya, shi a kan benci, ita a kujerar roba da mayafi a kafaɗa. Ta yi masa godiya, ya ce ba komai. Ya daɗe yana juya makullin mota a hannu, idonsa a ƙasa.

"Malama, tayoyin nan lafiyarsu ƙalau," in ji shi. "Sababbi ne ma."

Ta dube shi. Ya ce kafin ita, shekara goma sha ɗaya ya yi yana tuƙa wata ma'aikaciya mai duba ɗakunan ajiyar magani. Ita ma haka take, ba ci ba sha sai an sauka, shi kuma a lokacin yana ganin ƙwazo ne, har yabonta yake yi. Daga baya shi ne ya riƙa kai ta wankin ƙoda sau biyu a mako, a motarsa ta gida, har Allah ya karɓi abarsa.

"Tun ranar farko na lura da ke. To ni namiji ne, kuma ba ubanki ba, yaya zan faɗa miki? Sai na riƙa tsayawa a inda na san akwai wuri mai tsabta, da ƙofa mai sakata. Duk hanyoyin nan na san su. Amma ko sau ɗaya ba ki fito ba."

Kunya ta rufe ta, sai kuma ta ji hawaye na zubo mata ba tare da ta yi niyya ba. Ta tuna wuraren da yake tsayawa: gidan mai mai fentin shuɗi, wata makarantar koyon ɗinki, wani ƙaramin asibitin haihuwa a bakin titi. Ita kuwa tana cikin mota tana hararar agogo.

"Baba, da ka yi min faɗa ai da na ji," ta ce.

"Da ba ki ji ba," in ji Gwaggo daga bakin kicin, suka yi dariya su uku.

Da ta koma ofis ta shiga wurin shugabanta ta ce gari biyar a mako ya fi ƙarfin mutum, a mayar da su uku. Ya yi ta kawo dalilai, ita kuma ta ajiye masa takardar likita a kan tebur. Aka tsaya a huɗu. Ta sayi gorar ruwa mai cin lita biyu. Ta koyi sauka daga mota ta taka ƙasa, ta ci abincin rana a zaune, ta kashe waya idan rana ta faɗi. Ba kullum take cika duka ba. Akwai ranakun da aiki ke taso mata ta koma halinta na da, sai kwiɓin ya ɗan taɓa ta, ta tuna.

Bayan wata biyar aiki ya kai ta wata makarantar 'yan mata mai wurin ninƙaya a cikin rufaffen zaure. Hutu ake yi, ba kowa sai malamar wasanni, wata gajeriyar mace mai faɗin kafaɗa, da ta buɗe mata ƙofa. Mai Kwalabe ta cika kwalbarta ta rubuta lokaci. Ɗakin gwajin garin na nan kusa, Baba Direba ya karɓi akwatin ya tafi da shi. Tana jiran dawowarsa malamar ta tambaye ta ko ta iya ruwa. Ta ce ko kusa, ita iyakarta baki-baki. Malamar ta ce akwai kayan wanka masu rufe jiki a ma'ajiya, zaure a kulle yake, kuma gefen nan ruwan iya ƙugu ne.

Ta ce a'a sau biyu. A na uku ta tsinci kanta tana sauka a matakala tana riƙe da ƙarfe da hannu bibbiyu, mace mai shekara arba'in da ɗaya da 'ya'ya uku. Ruwan ya fi yadda ta zata ɗumi. Malamar ta sa tafin hannu a bayanta ta ce ta kwanta kamar a kan katifa, ta saki wuya, ta bar kunnuwa su nutse. Sau uku tana zabura tana kama hannun matar. A na huɗu ta saki jiki.

Duniya ta yi tsit. Ba ta jin komai sai numfashinta, mai tsawo, yana shiga yana fita. A can sama hasken la'asar na shigowa ta gilasan rufi, wata tattabara na tafiya a kai, ana ganin jajayen ƙafafunta ta ƙasa. Ta bi ta da ido daga wannan gilashi zuwa wancan. Sai da ta juya kai don ta nuna wa malamar, ta hango ta can a bakin ruwa, zaune, ta harɗe hannuwa tana murmushi.