Murfi Ɗaya Kafin Aski

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, mu ji da me ta zo.

Wani mai aski aka yi, yana da ɗan shago a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai kemis. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsaga a gefe, sai fanka da ke juyawa in ta ga dama. Hannunsa kuwa ba a magana. In ya ɗora aska a ƙeyar mutum, kafin ya kai bayan kunne mutumin ya fara gyangyaɗi. Shekara ashirin da biyu bai taɓa fitar wa kowa da jini ba.

Shekara ashirin da biyun nan kuma bai taɓa yin aski da idonsa garau ba. Akwai kwalbar giya a durowar ƙasa, bayan tawul. Da safe ya sha murfi biyu kafin ya buɗe ƙofa. Da rana ya sunkuya kamar mai neman almakashi, ya ɗago yana goge baki. Kowa ya sani, kowa kuma na zuwa.

Wanda ya fi kowa damuwa da lamarin shi ne Hedimasta, tsohon shugaban makarantar da Mai Aski ya yi firamare. Ya yi ritaya tuntuni, amma bakinsa bai yi ba, kuma shi ne shugaban kwamitin yaƙi da shaye-shaye na unguwar. Fatarsa mai rigima ce, duk wanda ya aske shi in ba Mai Aski ba, kwana biyu ƙuraje sun feso masa tun daga haɓa har wuya. Don haka duk mako yana kan kujerar nan, kumfa har kunne, yana wa'azi.

"Yaro," haka yake kiransa, ko da yake Mai Aski ya ba hamsin baya, "abin nan da kake sha shi zai kai ka ƙasa. Ka bari. Namiji da zuciya ake saninsa."

"To, Malam. A ɗan ɗaga haɓa."

Ana nan, sai idon Mai Aski ya fara yin rawaya, abinci ya daina shiga. Matarsa ba ta tsaya neman shawararsa ba, ta tasa shi gaba sai asibiti. Likitar wata mace ce, ba ta kai 'yarsu ta fari shekaru ba. Ta danna cikinsa, ta duba takardar gwaji, ta ce, "Baba, hantarka ta gaji. In ka ci gaba, ban ce za ka ga shekara biyu ba." Ta riƙe shi kwana huɗu a gado, don ta ce wanda ya daɗe yana sha ba ya yankewa shi kaɗai a gida, akwai haɗari. Ranar sallama ta ba shi ƙwayoyi ta ce, "Kai zai yi ciwo, hannu zai yi rawa, barci zai yi wuya. Jiki ne ke neman abin da ya saba da shi. Zai wuce, amma ba gobe ba. Ko ɗigo kada ka sa a baki."

Ya ce ya ji. Ashe bai ji komai ba tukuna.

Ciwon kan nan, 'ya'yana, ba irin na rana ba ne. Daga tsakiyar ka yake farawa, ya gangaro bayan ido, ya zauna yana sara kamar ana buga ƙusa. Ga gumi, ga tashin zuciya. Ƙarar cokali a kofi ma sai ya ji kamar a kwanyarsa ake juyawa. Ran kwana tara ya kira matarsa ya ce ta zauna, yana da wasiyya.

Ta ce, "Shekara ashirin nake ciwon kai a kanka, Baban yara, ban taɓa kwanciya ba. Kai kwana tara har ka fara rabon almakashi? Tashi ka sha magani."

Da ya koma shago, benci ya cika da masu barka. Hedimasta ne a gaba, yana gaya wa kowa cewa nasiharsa ce ta yi aiki, likita ƙarasawa kawai ta yi. Shi ya fara hawa kujera. Mai Aski ya shafa kumfa, ya ɗauki aska, sai askar ta kama rawa a hannunsa kamar ganye. Ya danne, ya ja sau ɗaya, jini ya tsatso a kuncin Hedimasta. A benci wani ya tuna ya bar shago a buɗe, wani ya ce dama gaisuwa ce ta kawo shi.

A makon nan ya ɗan taɓa kunnen Mai Kemis, ya karkata wa wani direba layin goshi har sai da aka yi masa ƙwal. Mako na biyu ba ya ganin kowa sai ƙuda. Mutanen da suka shekara ashirin suna miƙa maƙogwaronsu ga mashayi, yanzu da ya daina sai suka ce rai ba abin wasa ba ne, suka koma shagon tsallaken titi.

Magani dai kowa ya kawo, daga bakin ƙofa. Wani ya ce fankar ce, wani ya ce tabarau yake buƙata, wata ta ce haƙori ne, a cire. Mai Kemis ya leƙo, auduga a kunne, ya ce, "Ni fa ban ce ka koma ba, kada ka ce na ce. Amma da can ka fi fara'a."

Shi ma Hedimasta tsallaken titi ya je. Kwana biyu wuyansa ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje, ya koma naɗa mayafi yana cewa mura yake yi. Ya bar askin har mako uku, gemu ya fito fari da baƙi, ba tsari.

To, sai ga babban taron kwamiti ya zo. Za a yi shi a ɗakin taro, da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, Hedimasta ne zai yi jawabi. Ran taron da hantsi Mai Aski na zaune ya dafe kai, sai ga Hedimasta ya shigo cikin fararen kaya masu guga, da jaka a hammata. Ya waiga dama da hagu, ya tura ƙofa ya sa sakata.

"Yaro, yaya kan?"

"Yana nan, Malam. Ko jiya bai sauka ba."

"Hannun fa?"

Mai Aski ya ɗaga hannu, suka tsaya suna kallonsa yana rawa.

Hedimasta ya yi gyaran murya. Ya buɗe jaka ya fito da wani abu naɗe cikin takardar kwamiti, irin wadda ake rabawa mai hoton ruɓaɓɓiyar hanta. Ya warware, ya ajiye a gaban madubi. Kwalba ce, cike, ba a ko fasa murfinta ba.

"Cikin waɗanda muka ƙwace ne, yau za a farfasa su a gaban jama'a. Ba wanda zai lura babu ɗaya. Murfi ɗaya za ka sha, hannu ya tsaya, ka gyara ni, shi ke nan."

"Malam, kai ne fa."

"Na san ni ne. Ka saurara. Akwai sha, akwai magani. Abin da ka yi shekara ashirin sha ne, na kuma tsine masa. Wannan magani ne, don amfanin jama'a. Mutum ɗari uku za su kalli fuskar nan yau. Labarinka ma zan ba su, yadda na ceto ka."

"Likita ta ce ko ɗigo."

"Likita yarinya ce. Na koyar da irinta sun fi dubu. Gobe sai ka sake bari, ai ka riga ka iya."

Mai Aski ya dubi kwalbar. A madubi ta zama biyu. Ya san ɗanɗanonta, ya san kafin a ƙirga ɗari ƙusar nan da ke kansa za ta zare, hannu ya kwanta, gobe benci ya cika. Ya kuma san kansa. Bai taɓa shan murfi ɗaya ya tsaya ba tun yana saurayi. Yawu ya taru masa a baki, ya haɗiye.

Ya ce, "Zauna, Malam."

"Ka sha tukuna."

"Zauna. Lokaci na tafiya."

Ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa. Ya dafa goshin Hedimasta da hannun hagu, ya jingina na dama a kan na hagun don ya rage rawa, ya fara ja kaɗan-kaɗan. In rawar ta taso ya ɗaga aska ya jira. Gumi na ɗiga daga hancinsa. Hedimasta ya ƙame, idonsa a kan aska, yana magana ta gefen baki.

"Sha mana, yaro. Rabin murfi ma."

"Kada ka motsa, a maƙogwaro nake."

"Ni na koya maka karatu."

"Ban manta ba. Har da bulala."

Askin minti goma sai da ya ci kusan awa. Da aka gama, fuska ta fito fes, sai dai yanka uku ƙanana, biyu a haɓa, ɗaya a wuya, suna ɗan tsatsar jini. Hedimasta ya duba madubi ya yi tsaki, ya ce a sa sifirit da sauri kada jini ya ɓata masa wuyan riga.

Mai Aski ya kai hannu zai ɗauko sifirit, sai ya ga hannun ya wuce ya kama kwalbar. Bai san lokacin da ya murɗe murfin ba. Warin ya buge shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya ɗago, ya kai kusa da baki. Hedimasta ya ce, "Ai kuma yanzu ba amfani, an gama."

Sai Mai Aski ya juya tafin ya manna a kuncin Hedimasta. Ya ƙara tsiyayawa ya shafe haɓa, ya shafe wuya. Ya ga har yanzu da saura da yawa, ya san in ya bar ta a shagon nan ba za ta kai gobe ba, shi ma haka. Ya kifa kwalbar a ƙeyar Hedimasta, giyar ta gangara ta cikin ƙyalle, ta jiƙa riga har gadon baya, sai da ɗigon ƙarshe ya fita.

Hedimasta ya zabura. "Kai, me ka yi haka?"

"Magani ne, Malam. Yana kashe ƙuraje."

Daidai nan motar kwamiti ta tsaya a ƙofa tana ta hon, an makara, manyan baƙi sun zauna. Hedimasta ya zazzaga hoda a jiki, ya fesa turaren shago, abin ya haɗu ya ba da wani wari da ya fi na farko. Haka ya shiga mota. Mai Aski ya ga direban ya sauke gilashi.

Ya wanke hannu da sabulu sau uku, ya buɗe ƙofa da taga, ya rufe durowa, ya tafi gida ya kwanta, kai na sara kamar kullum. Matarsa ta sunsuna hannunsa, ta sunsuna bakinsa, ta dube shi. Ya gaya mata yadda aka yi. Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa, sannan ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi.

Labarin taro Mai Kemis ne ya kawo. Ya ce tun da Hedimasta ya hau mumbari 'yan layin gaba suka fara jan kujera baya. Ya yi awa guda yana zuba jawabi a kan illar giya, duk ya ɗaga murya sai jama'a su kalli juna su gyaɗa kai. Ga yanka a haɓa, ga ido ja saboda zafin abin da aka shafa masa. Da aka tambaye shi daga baya, ya rasa ta inda zai fara, don in ya faɗi wanda ya zuba masa sai ya faɗi wanda ya kawo kwalbar.

Kwamiti ya sauke Hedimasta a makon, ya naɗa Mai Kemis. Ciwon kan Mai Aski ya ƙara wata ɗaya da rabi kafin ya sake shi. Hannunsa ya tsaya a wata na uku, amma bai koma kamar da ba, yanzu ya fi aiki da inji. Rabin mutanensa sun dawo, rabi sun zauna a tsallaken titi. Likita ta ce hantar ta ɗan farfaɗo, matarsa kuma har yau ita ke kai shi awo. Bai sake sha ba. Hedimasta ya tara gemu, ba ya zuwa aski wurin kowa.