Bangon Mahbuba

Ranar wata Talata bayan la'asar, 'yata Mahbuba ta shafe bangon tsakar gida da fenti, daga nan zamanmu ya canza.

Shekarunta goma sha biyar. Mahaifiyarta, Ummul Khairi, ta yi shekara biyu da rasuwa, ta bar ni da yarinya da littattafai da dangi masu son ba da shawara. Gidanmu na malamai ne, ba a zana abu mai rai, don haka babu mutum babu tsuntsu a bangon. Launuka ne kawai, ragowar fentin da ta roƙo wurin masu gyaran babura a bakin iyaka.

Na tsaya na karanta shi yadda nake karanta komai tun ina riƙe da allo, daga dama zuwa hagu. Dama rawaya ce da ja, layuka suna tsalle. Tsakiya a yamutse. Hagu baƙi ƙirin. Na karanta littattafai da yawa a kan halin matasa, na Larabci da na Turanci, saboda haka ban ga dalilin tambayar mai zanen ba. Na yanke hukunci cewa yarinya ta faro da haske tana gangarawa cikin duhu, kuma gidan da babu mace shi ne duhun.

Washegari na tsallaka iyaka zuwa Konni wurin Latifa, ƙanwar marigayiya, wadda ta daɗe tana roƙon in ba ta riƙon Mahbuba.

"Malam, yau kai ne da kanka? Littattafan sun ƙare?"

"Ki zo ki ɗauki ɗiyarki idan an yi hutu."

A gaban mijinta Jabir na faɗa, magana ta zauna.

Ranar tafiya, Mahbuba ta ajiye jaka a gindin bangon.

"Baba, har yau ba ka ce komai ba a kan zanena."

"Na karanta shi."

"Mi ka gani?"

Na bi shi da sandata daga dama zuwa hagu, na yi mata sharhi mai kyau. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Baba, ai ba allo ba ne! Daga nan na faro." Ta dafa baƙin. "Wannan lokacin da Inna ta rasu ne. Tsakiyar nan ban san ko ni wace ce ba, ɗiyar malam ko 'yar boko ko mai kama da Inna. Rawayar ita ce bana. Ban ma gama ba, bangon ne ya ƙare."

Na buɗe baki, sai Latifa ta leƙo daga zaure. "Malam, mai mota yana jira, a bar wa'azin sai wani jiƙon!"

Suka tafi.

Ba zan yi ƙarya ba, Konni ta karɓe ta. Ta yi ƙawaye, ta koyi lissafi da sefa, kuɗin can, Jabir ya sakar mata bangon shagonsa mai tsawo. Duk Juma'a tana zuwa da tuwo a kwano, ta gyara mini ɗaki, ta yi mini tsiya a kan sandata. Ni kuma na mayar da tabarmata ɓangaren rawayar, nan nake shan shayi, ba na jin komai sai daɗi.

Amma a bakina maganar take a ranar tafiyar, kuma yanzu ba ta da amfani: mayar da jakar nan ɗaki, Mahbuba, ni ne ban iya karatu ba.